Kurbus, Garin da Ruwan Zafi Ke Gangarawa Cikin Teku

Wanda bai samu jin shirin ba saboda kiwo ko cin kasuwa, to ga shi a rubuce.

Ku da kuka san Tafadek ta wajen Agadas, inda ruwa ke fitowa daga ƙasa da zafinsa, masu ciwon gaɓoɓi suna zuwa wanka, yau za mu kai ku wata irinta can arewa, bayan Sahara, amma ita a bakin teku take. Sunanta Kurbus, a ƙasar Tunisiya, kamar kilomita 60 daga birnin Tunis. Ƙaramin gari ne matse a cikin kwazazzabo, dutse a baya, teku a gaba.

Wurin ya daɗe, ba na jiya ba ne. Rumawa "Ruwan Ɗumi" suke ce masa da harshensu. A shekara ta 203 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana cikin tsagaita wuta tsakanin Rum da birnin Kartaj, sai guguwa ta watsa jiragen kaya 200 na Rumawa da suka taso daga Sisili. Wasu ta jefo su nan. Mutanen Kartaj suna hangensu daga tsallake, ga yunwa, suka zo suka janye jiragen da kayan ciki. Sulhu ya lalace, aka koma yaƙi. Kai ɗan kasuwar kan iyaka, ka ga ke nan kwashe kayan matafiyi ba yau aka fara ba.

Da Rumawa suka mallaki ƙasar, attajiran Kartaj kan hau jirgi su ƙetaro don wanka. Mulkinsu ya wuce, gine-ginensu suka rushe, talakawan yankin kuwa ba su daina zuwa ba. Sai a ƙarni na 19 Ahmad Bey, wanda ya mulki Tunis daga 1837 zuwa 1855, ya gina gidan hutawa a wurin. Shi ne kuma ya haramta bauta a ƙasar a 1846.

Faransa ta shigo a 1881. A farkon shekarun 1900 wani Bafaranshe mai gidan jarida, Edmond Lecore-Carpentier, ya mai da wurin kasuwanci: masauki, ɗakunan wanka, a biya kuɗi a shiga. Daga nan Kurbus ya zama garin hutu, har bayan samun 'yanci a 1956.

To amma ga abin da ya fi burge ni. Akwai wani marmaro can gefen gari, Ain Atrus, wato "Marmaron Bunsuru". Ka ji suna, makiyayi! Zafinsa ya kai digiri 50, yana kwararowa ta kan duwatsu ya faɗa teku. A mahaɗar nan, inda ruwan teku ke sirka shi, mutane ke zama su gasa jiki a fili, mai kuɗi da marar shi.

Shekara fiye da 2000, masu iko suna zuwa suna kewaye ruwan nan, suna wucewa, shi kuwa yana nan yana gudu. Ku da kuka sha isa bakin rijiya da garke kuka tarar an sa shinge, kun fi kowa sanin darajar mashayar da aka bari a buɗe. A yankinku fa, wace ce ta rage, kuma wa ke tsaron ta? Ku aiko mana, mu karanta a shiri na gaba.

Allah ya kai mu.