Ciwon Ƙirji: Alamomin da ke Nuna Zuciya

Ba kowane ciwon ƙirji ne daga zuciya ba, shi ya sa likita ke fara tambayar yanayinsa. Na zuciya yakan danne tsakiyar ƙirji kamar an ɗora dutse, ya bazu zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ya taso wajen noma ko saurin tafiya, ya lafa da hutu. Mata da masu ciwon suga kan ji haki ko zafin saman ciki kawai, har a ɗauka olsa ce.

Idan ciwon ya wuce minti 15, musamman da zufa ko amai, kada a tsaya a kemis. Daga Tsafe ko Bungudu a garzaya asibiti mafi kusa. Tabbatarwa sai da gwajin ECG, wanda ake yi a Cibiyar Lafiya ta Tarayya, Gusau.