Nazariyyar Tsirkiya: Shin daga kaɗawar zare aka gina duniya?

A ɗebo ɗigon ruwa daga madatsar Tiga da ke kusa da Rurum, a yi ta raba shi. Za a iso ga ƙwayar zarra, a cikinta a tarar da ilektron na kewaya wata cibiya ta furoton da niyutron, su kuma waɗannan an gina su ne da ƙwayoyin da ake kira kuwak. Nan ne iyakar abin da gwaji ya nuna. Nazariyyar Tsirkiya ta ce akwai sauran mataki ɗaya: ilektron da kuwak ba ɗigo ba ne, wani siririn zare ne da ke kaɗawa.

Wanda ya taɓa sauraron kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ya san tsirkiya ɗaya tak tana ba da amo iri-iri, gwargwadon inda yatsa ya danna. Haka masu wannan nazari ke kallon halitta. Zaren iri ɗaya ne. In ya kaɗa ta wannan salo sai ya bayyana a matsayin ilektron, in ya sauya salo ya zama ƙwayar haske.

Abin da ya jawo hankalin masana gare ta wata tsohuwar matsala ce. Ilimin fiziks na zamani yana tsaye ne kan ginshiƙai biyu: bayanin da Albert Einstein ya kawo a 1915 kan ƙarfin da ke jawo abu zuwa ƙasa yake kuma riƙe taurari, da ka'idar kwantum mai bayanin ƙananan ƙwayoyi. Kowannensu ya ci jarrabawa a fagensa, amma da an haɗa lissafinsu wuri ɗaya, kamar a tsakiyar baƙin ramin sararin samaniya, sai amsar ta fita daga hankali.

Ba don wannan aka fara ta ba. A 1968 Gabriele Veneziano, ɗan Italiya da ke aiki a cibiyar CERN ta Jeniba, ya samo wata dabarar lissafi game da ƙarfin da ke ɗaure cibiyar zarra. Zuwa 1970 Yoichiro Nambu da Holger Nielsen da Leonard Susskind suka gano cewa zare mai kaɗawa dabarar ke siffantawa. A 1974 Joel Scherk da John Schwarz suka nuna cewa ɗaya daga cikin salon kaɗawar ya yi daidai da ƙwayar da ake tsammanin tana ɗauke da ƙarfin jawowa. Kaɗan ne suka kula, har sai 1984, lokacin da Michael Green da Schwarz suka kawar da wani babban cikas na lissafi. Daga nan aka samu nau'i biyar na nazariyyar, abin da ya zama abin kunya ga mai iƙirarin bayani guda, kafin Edward Witten ya kawo hujja a 1995 cewa duka biyar ɗin fuskoki ne na abu ɗaya.

Sai dai tana da tsada. Lissafinta ba ya daidaita sai duniya tana da fuskoki 10, alhali huɗu muka sani: tsawo, faɗi, zurfi da lokaci. Sauran shidan, in ji su, a naɗe suke ƙanana ƙwarai, kamar igiyar guga da daga nesa take kama da layi, amma tururuwar da ke kanta tana iya zagaya kaurinta. Hanyoyin naɗe su kuwa suna da yawan da ake ƙiyasta shi da 1 mai sifili 500 a bayansa, kuma kowace hanya tana ba da duniya mai dokoki dabam.

A nan masu suka, irin su Peter Woit da Lee Smolin waɗanda kowannensu ya fitar da littafi a 2006, suke da magana mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba: fiye da shekara 50 babu gwaji ɗaya da ya tabbatar da nazariyyar. Magoya baya na nuna amfanin da lissafinta ya yi wajen fahimtar baƙin rami, musamman aikin Andrew Strominger da Cumrun Vafa na 1996 da na Juan Maldacena na 1997. Ana ƙiyasta tsawon zaren da kashi ɗaya cikin 1 mai sifili 35 na mita. Babban injin karo da ƙwayoyi na CERN, mai kewayen kilomita 27, wanda ya gano ƙwayar Higgs a 2012, zai buƙaci ƙarfinsa ya ninka kusan sau miliyan biliyan kafin ya hango shi.