Hukuncin sayar da hannun jarin da ke gida bayan ƙaura zuwa ƙasar waje

Tambaya: Na koma Ingila da zama, ina da hannayen jari a Kasuwar Hannayen Jari ta Legas. Ya halatta in sayar da su daga nan?

Amsa: Alhamdu lillahi. Ya halatta, domin nisanka da dukiyarka ba ya fitar da ita daga mallakarka. Ka wakilta dillali amintacce ya sayar maka. Wakilci a ciniki ya tabbata a Sahihul Bukhari, inda Annabi (SAW) ya wakilta Urwatul Bariƙi ya sayo masa akuya.

Sai dai ka lura da abu uku.

Na farko, sana'ar kamfanin. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta hannun jarin kamfanin da sana'arsa halal ce. Idan na bankin riba ne ko kamfanin giya, ka tuba, ka rabu da shi, ka riƙe uwar kuɗinka, ka ba mabuƙata ƙarin.

Na biyu, zakka. Idan don kasuwanci ka saye su, kuma dukiyarka ta kai nisabi, wato ƙimar giram 85 na zinare, ka fitar da ɗaya bisa arba'in na ƙimarsu a kasuwa duk shekara. Shekarun da suka wuce ba ka fitar ba bashi ne a kanka.

Na uku, canjin naira zuwa fam. Wajibi ne ya kasance hannu da hannu, ba jinkiri. Shigar kuɗin asusunka nan take yana matsayin karɓa.

Allah ne Mafi sani.