Taƙaitaccen Tarihin Tsafta da Doka a Aikin Mataimakan Likitan Haƙori

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na raka kakata wani asibitin haƙori, saboda wani haƙori da ya hana ta barci kwana uku. Mutane sun yi yawa, likita kuwa yana ta sauri. Da ya miƙa hannu a ba shi awartaki, sai yarinyar da ke taimaka masa ta ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan yi haƙuri, kayan ba su fito daga tukunya ba tukuna." Likita ya ɗaure fuska, ya dubi agogo, amma ya jira. Ni ma raina ya ɓaci, domin ga wasu awartakai can a faranti an wanke su fes suna sheƙi. Kakata ta dube ni ta ce, "Kai angona, da wanzamin garinmu ne da tuni ya gama ya mai da kayansa zabira."

Wannan jira shi ya sa na shiga bin diddigin al'amarin, don in san inda ƙaramar ma'aikaciya ta sami ƙarfin dakatar da maigidanta. Abin da na gano shi ne, kusan kowace ƙa'ida da take bi sai da aka yi asarar rayuka kafin a kafa ta.

Mafarin Tsaftar Asibiti

A shekarar 1847, wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Ignaz Semmelweis ya lura da yadda mata masu jego ke mutuwa da zazzaɓi a babban asibitin birnin Biyana. Ya gano cewa likitoci kan taso daga fiɗar gawa su zarce ɗakin haihuwa da dauɗa a hannu. Sai ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin. Cikin 'yan watanni mace-macen suka sauko daga wajen 18 cikin 100 zuwa wajen 2 cikin 100. Duk da haka manyan likitoci suka ƙi maganarsa, har ya rasu a gidan mahaukata a 1865.

A 1867 Joseph Lister na birnin Gilasgo ya bayyana yadda yake wanke rauni da kayan fiɗa da ruwan kabolik. Daga nan a 1879 Charles Chamberland na Faransa ya ƙera tukunyar turara kayan aiki, watau kakar wadda ta sa muka yi jira. Hikimarta ita ce, tafasasshen ruwa ba ya wuce zafin digiri 100, wasu ƙwayoyin cuta kuwa sukan jure wannan. Amma idan aka toshe tururi a cikin tukunya sai zafinsa ya kai digiri 121, ya halaka su baki ɗaya. Ashe ƙarfe yana iya yin sheƙi alhali cuta na maƙe a jikinsa.

Samuwar Mataimakan

Ana danganta mafarin wannan sana'a da Edmund Kells, wani likitan haƙori a birnin New Orleans na Amurka, wanda ya fara sa mace ta taimaka masa wajen shekarar 1885. A zamanin abin kunya ne mace ta shiga ɗakin likita ita kaɗai, don haka kasancewar wata mace a ɗakin ya kwantar wa mata da hankali. Sannu a hankali wanke kaya da shirya su da miƙa su suka koma hannun mataimakan, har a 1924 Juliette Southard ta jagoranci kafa musu ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya.

Abin mamaki, har zuwa farkon shekarun 1980 yawancin likitocin haƙori da mataimakansu da hannu tsirara suke aiki cikin yawu da jini, alhali likitocin fiɗa sun san safar hannu ta roba tun wajen 1890. Ciwon hanta nau'in B ya yi ta kama ma'aikatan, wasu kuma suka shafa wa marasa lafiyarsu.

Yadda Doka ta Shigo

Ɓullar cutar ƙanjamau a 1981 ita ta girgiza kowa. A 1986 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da shawarwari musamman don aikin haƙori, a 1987 kuma ta ce a ɗauki jinin kowane mutum tamkar mai ɗauke da cuta, tunda ba a gane mai ita a fuska. Sai dai shawara ba doka ba ce, wanda ya ga dama ya bi.

Ana nan sai a 1990 labarin Kimberly Bergalis ya fito. Ɗaliba ce kamarmu, wadda wani likita mai suna David Acer ya cire wa haƙora biyu a Jihar Fulorida a 1987. Likitan yana ɗauke da ƙanjamau, bincike kuma ya nuna ƙwayar da ke jikinta irin tasa ce. Mutum 6 aka samu haka cikin waɗanda ya yi wa aiki. Kimberly ta bayyana gaban majalisar dokokin ƙasar a kan keken marasa lafiya, ta rasu a watan Disamba 1991 tana da shekara 23. A wannan wata ne hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta fitar da dokar da ta wajabta wa mai asibiti ya ba ma'aikatansa safar hannu da takunkumi da akwatin zubar da allura, ya horar da su, ya kuma yi musu allurar rigakafin ciwon hanta kyauta.

Ladubban Aiki

Doka ba ta tsaya kan kayan aiki ba. A 1998 Kotun Ƙoli ta Amurka ta duba ƙarar wata mata da likita ya ƙi cike mata haƙori a ɗakin aikinsa don tana ɗauke da ƙanjamau, ta yanke cewa dokar hana wariya ga naƙasassu ta shafi irinta. Watau tsafta ce garkuwar ma'aikaci, ba korar mara lafiya ko tona asirinsa ba.

Bugu da ƙari, mataimaki yana da iyakar da ba ya tsallakewa ko da maigida ne ya sa shi. A 2013, a birnin Tulsa na Jihar Oklahoma, an kira mutane wajen 7,000 su zo gwajin jini, bayan an tarar da kayan aiki masu tsatsa a asibitin wani likita, da tukunyar da aka shekara shida ba a gwada ingancinta ba, ga mataimaka suna yin allurar sa barci ba da lasisi ba. An tabbatar da cewa mutum ɗaya ya kwashi ciwon hanta nau'in C a wurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan shirun ƙananan ma'aikata yana cikin abin da ya tsaga bangon.

Mu a Nijeriya, Doka ta 81 ta shekarar 1993 ta kafa hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikata rajista, tana kuma da ikon ladabtar da wanda ya saɓa.

Kammalawa

Malamai da 'yan'uwana ɗalibai, wannan tarihi ya faru ne a ƙasashe masu nisa, amma jini iri ɗaya ne a ko'ina. Har yanzu a ƙauyukanmu wanzami ne ke cire haƙori da belu, ya yi ƙaho da kaciya, sau da yawa da kayan da ke cikin zabira ɗaya. Ba raina sana'ar kakanni nake yi ba, domin likitocin Turai ma da hannu mai dauɗa suka fara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu da muke nazarin Hausa, haƙƙi ne a kanmu mu kai wannan bayani ga wanzamai da iyayenmu cikin harshen da suke ji.

Kakata dai ta warke sarai, tana cin goronta. Ban san sunan yarinyar nan ba, ban kuma yi mata godiya ba a ranar. In wannan mujalla ta kai hannunta, to ta yafe mini ɓacin ran da na yi, ta riƙe amana.