Daga "Birzha" Zuwa "Defolt": Tarihin Turancin Kasuwanci a Ƙasar Rasha

Ranar 1 ga Oktoba, 1992, aka fara raba wa al'ummar Rasha wata takarda da aka rubuta wa darajar rubul 10,000. Kowane ɗan ƙasa, tsoho da jariri, yana da haƙƙin karɓar guda, kuma ita ce rabonsa daga masana'antun da gwamnati ta ƙudiri sayarwa. A hukumance sunanta cek na sayar da kadarorin gwamnati, amma a titi kowa "vaucher" yake ce mata, wato kalmar Turanci "voucher" da aka rubuta da haruffan Rashanci. Miliyoyin mutane suka riƙe ta ba su san ma'anar sunanta ba, balle yadda ake juya ta. Wannan maƙala za ta bibiyi hanyar da kalmomin ciniki na Turanci suka bi suka shiga bakin Rashawa, da abin da koyonsu ya jawo.

Cinikin Ingila da Rasha ya daɗe. A shekarar 1553 jirgin Richard Chancellor ya isa gaɓar Farin Teku, shi kuma ya wuce Mosko ya gana da Sarki Ivan na Huɗu. Bayan shekara biyu aka kafa kamfanin Muscovy a Landan, yana kai yadi yana sayo fatu da kakin zuma da igiyoyin jirgi. Duk da haka, harshen 'yan kasuwar bai yi saiwa ba. Ko da Sarki Peter Mai Girma ya zaga Turai a 1697 da 1698, har ya zauna a Ingila yana koyon ƙirar jirgi, kalmomin ciniki da zamaninsa ya bari sun fi fitowa daga Holan da Jamus. "Birzha", wato kasuwar hada-hada, da "bukhgalter", wato akanta, da "veksel", wato takardar alƙawarin biya, duk daga can suke. Abin da Birtaniya ta bayar a ƙarni na 19 shi ne tunani: an fassara littafin Adam Smith kan arzikin al'ummai zuwa Rashanci tsakanin 1802 da 1806, ya yi farin jini har marubuci Pushkin ya nuna gwarzon littafinsa, Onegin, yana karanta shi.

Juyin juya halin 1917 ya yanke wannan zare. Tun 1918 gwamnati ta mayar da cinikin ƙetare nata ita kaɗai, a 1921 ta kafa hukumar tsara tattalin arziki ta Gosplan, zuwa 1930 kuma an rufe kasuwannin hada-hada. Kalmomin da suka saura sai suka sauya launi. "Spekulyatsiya", wato saye don a sayar da riba, ta zama sunan laifi a sashe na 154 na kundin hukunta laifuffuka na 1960. A 1961 aka zartar wa Yan Rokotov hukuncin kisa saboda cinikin kuɗin waje. "Biznesmen" kuwa kusan zagi ce, ana jifan 'yan jari-hujjar Amurka da ita a jaridu. Makarantu suna koyar da Turanci, amma na Dickens da Jack London. Sai ga ɗalibi yana karanta labari mai shafi ɗari biyar ba ya tuntuɓe, amma a ba shi takardar kwangila ya rasa inda zai kama. Wannan ilimi ya tsaya a hannun 'yan tsiraru, galibi ma'aikatan ma'aikatar cinikin ƙetare.

Da Mikhail Gorbachev ya hau mulki a 1985, ƙofa ta soma buɗewa. A 1987 aka halatta kamfanonin haɗin gwiwa da baƙi, a 1988 aka yi dokar ƙungiyoyin gama kai da ta bai wa mutane damar buɗe sana'a tasu. A 1990 littafin Philip Kotler kan dabarun tallata haja ya fito da Rashanci, kuma kalmar "marketing" ta zauna a bangonsa yadda take. A 1992 aka buga fassarar littafin McConnell da Brue, aka sa masa suna "Ekonomiks", don a raba shi da darasin tattalin arzikin siyasa irin na Marx da jami'o'i suka shafe shekaru suna koyarwa. A shekarar ce kuma aka kafa Babbar Makarantar Tattalin Arziki a Mosko. Kalmomi suka kwararo kamar ruwan Agusta: "menedzher", "broker", "diler", "lizing", "kholding", "ofis".

Me ya sa aka are su ɗungurungum? Wasu abubuwan babu su a ƙasar tsawon shekara sittin, don haka babu sunansu. Wasu kuma suna da suna, amma sunan ya yi tsami. "Kontora" tana tuna wa mutum ofishin gwamnati mai layi da hatimi, shi ya sa sabon ɗan kasuwa ya fi son ya ce yana da "ofis". "Prikazchik", yaron shagon zamanin sarakuna, ba zai yi wa matashi mai ɗaure da laktaye daɗin ji ba, sai ya zama "menedzher".

Ga mai koyo, wannan kamanni tarko ne. Barashe ya ga "magazine" sai ya ɗauka kanti ake nufi, domin "magazin" kanti ne a harshensa, alhali a Turanci mujalla ce. "Aktsiya" a harkar kasuwanci hannun jari ce, ba "action" ba. "Obligatsiya" takardar lamuni ce da Bature ke kira "bond", ba wajibcin da "obligation" ke nufi ba. "Fabrika" masana'anta ce, "fabric" kuwa yadi. Kuɗin ruwa shi ne "interest" a Turanci, amma Barashe "protsent" yake cewa, "interes" a wurinsa sha'awa ce ko buƙata. Mafi wuya su ne kalmomin da ke ɗauke da tunanin da ba a saba da shi ba. Masu fassara sun yi ta sa wa "opportunity cost" sunaye daban-daban, har ɗalibi ya karanta littafi biyu bai gane abu ɗaya suke nufi ba. Akantan da ya saba rubuta lissafi don jami'in Gosplan ya ga an cika ƙa'ida, yanzu an ce ya rubuta shi don mai zuba jari ya ga ko akwai riba.

Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a nan da dukiya aka biya shi. Ranar 2 ga Janairu, 1992, gwamnatin da Yegor Gaidar ke jagorantar tattalin arzikinta ta saki farashi, tsada ta haura kashi 2,500 cikin ɗari a shekarar, ajiyar mutane ta narke. Da yawa suka sayar da "vaucher" ɗinsu a wulaƙance, wasu suka miƙa wa asusun zuba jari da suka ɓace. Kamfanin MMM na Sergei Mavrodi ya yi ta sayar da takardun da ya kira hannun jari yana alƙawarin riba mai ban mamaki, har ya rushe a 1994. Sai ranar 17 ga Agusta, 1998, gwamnati ta kasa biyan bashinta na cikin gida, dala ta tashi daga kusan rubul 6 zuwa kusan 21 cikin 'yan makonni. A ranar Rashawa suka koyi "defolt". A Turanci "default" gaza biyan bashi ce kawai, amma a Rashanci ta zama sunan masifar gaba ɗaya: rufewar bankuna, korar ma'aikata da faɗuwar kuɗi.

Ƙorafi bai rasa ba. Tun farkon ƙarni na 19 Aleksandr Shishkov yake yaƙi da kalmomin aro, a 1990 Solzhenitsyn ya fitar da ƙamus na farfaɗo da tsoffin kalmomi, a Fabrairun 2023 kuma aka gyara dokar harshen ƙasa don taƙaita baƙin kalmomi a harkokin hukuma idan akwai madadinsu. Sai dai doka ta zo ta tarar "biznes" da "menedzher" sun haifi 'ya'ya, suna karɓar ɗafe-ɗafen nahawun Rashanci kamar 'yan gida. Ɗalibin da ya buɗe littafin Turancin kasuwanci a Mosko yau ya riga ya san yawancin kalmomin ta baki. Aikin da ya rage masa shi ne ya bambance ma'anar da suke da ita a Landan da wadda iyayensa suka ɗora musu a shekarun 1990.