Sawakin: Garin da Jirgin Filafilai Ya Raya

Mu da muka taso muna ganin maniyyata suna shiga jirgin sama a Kano ko Yamai su sauka Jidda cikin 'yan awoyi, da wuya mu tuna cewa akwai teku a tsakani. Kakanninmu kuwa sun san shi sarai. Bayan sun share shekaru suna ratsa Borno, Wadai, Darfur da Kurdufan, abin da ke jiransu a ƙarshe shi ne Bahar Maliya, da wani ɗan jirgin katako mai filafilai da Larabawa ke kira sambuk. Garin da suka fi hawansa shi ne Sawakin, a gaɓar Sudan.

Bahar Maliya ba ta tuƙuwa da garaje. Duwatsun murjani sun yi jere a ƙarƙashin ruwa kusa da gaɓa, suna iya tsaga cikin jirgi nan take. Saboda haka matuƙan da suka san hanya da rana suke tafiya, lokacin da ido ke iya rarrabe shuɗin ruwa mai zurfi da koren ruwa mai dutse. Kafin magariba sai su kutsa wani lungu na gaɓa da ake kira marsa, su saki anga, su kwana. Wannan tafiyar ta yini da zango ita ta sa tashoshi suka yi daraja: duk inda akwai mafaka daga iska da ruwan sha, can fatake za su taru.

Matafiya biyu sun bar mana labarin irin waɗannan jirage. A 1183 Ibn Jubair, mutumin Andalus, ya tsallaka daga Aizab zuwa Jidda a jirgin da ake kira jalba. Ya ce babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, da igiyar ɓawon kwakwa aka ɗinke katakan, kuma masu shi suna cusa mahajjata fiye da kima don kwaɗayin kuɗi. Iska ta yi ta wasa da su fiye da mako guda. Bayansa da kusan shekara 150, Ibn Battuta ya taso daga Jidda zai nufi Yaman, iska ta karkatar da jirginsu zuwa gaɓar Afirka, daga nan ya bi ta tudu ya isa Sawakin.

Da Aizab ta mutu a ƙarni na 15, Sawakin ta gaje ta. Allah ya yi mata wuri: ɗan tsibiri ne zagayayye a ƙarshen wata siririyar mashiga, inda igiyar ruwa ba ta kaiwa. A ƙarni na 16 Turkawan Daular Usmaniyya suka karɓe ta. Attajirai suka gina benaye da dutsen murjani, masu tagogin katako da aka sassaƙa irin na Jidda. Ayarin raƙuma na kawo ƙaro, hauren giwa da gashin jimina daga cikin ƙasa, jirage na kawo tufafi da kayan ƙamshi. Kada mu ɓoye, har bayi an yi fataucinsu ta wannan tasha.

Abin da ya ɗaukaka ta shi ya kayar da ita. Bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, manyan jirage masu inji suka cika tekun, siririyar mashigar da ta dace da sambuk kuwa ta yi musu kaɗan. A 1905 Turawan Ingila suka soma gina sabuwar tasha a arewa da ita, wato Port Sudan, aka buɗe ta a 1909. Kwastan da 'yan kasuwa suka yi ƙaura. Dutsen murjani kuma ba ya jure rashin kulawa. Da aka daina yi masa shafe, benayen suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya.

A daidai wannan lokaci ne mutanenmu suka fi kwarara gabas. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce Sudan da jama'arsa, suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu. Dubbai suka bi sawunsu, suna ƙwadago a gonakin auduga na Jazira suna tara guzuri. Sawakin ta ci gaba da zama mashigar alhazai, a nan ake killace su don duba lafiya. A shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta gindaya sharaɗin fasfo da ajiye kuɗin komowa. Mai hali ya biya ya hau jirgi mai inji. Talaka kuwa ya koma ga sambuk: wasu suka zagaya ta Masawa a Eritiriya, suka tsallaka a ɓoye, aka sauke su a gaɓar da ba hukuma, suka ƙarasa Makka a ƙafa. Tsakanin Sawakin da Jidda ya haura kilomita 300, a jirgin da ba rumfa, ruwan sha kuma a ƙidaye. Akwai waɗanda ruwa ya ci, akwai waɗanda aka yaudara aka sayar. Waɗanda suka tsira, jikokinsu na nan a Sudan da Hijaz, ana kiransu Fallata ko Takari.

A 1991 aka sake buɗe tasha kusa da tsohon garin, da sunan Usman Digna, tana ɗaukar fasinja da tumaki zuwa Jidda. A 2017 Turkiyya ta ƙulla yarjejeniyar gyara tsibirin. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, masu yawon teku a ƙananan jiragen filafilai kan yada zango a can, su kwana a gaban kufai.

Mu kuwa, yawancin gidajenmu akwai sunan wani kaka da aka ce ya tafi gabas bai dawo ba. Idan akwai dattijon da ya san labarinsa, mu tambaye shi tun yana raye: ta wace tasha ya bi, kuma wane jirgi ya hau?