Ƙwaya da Ɓawonta: Tarihin Ɗigon Kwantam

Ɗigon kwantam ƙanƙanuwar ƙwaya ce ta semikondakta, faɗinta nanomita 2 zuwa 10. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Girman ƙwayar ke yanke launin haskenta: ƙarama ta karkata ga shuɗi, babba ga ja. Alexei Ekimov ne ya fara lura da haka cikin gilashi a Leningrad a 1981. Louis Brus ya tabbatar da shi cikin ruwan sinadari a Amurka a 1983, sannan a 1993 Moungi Bawendi ya samo hanyar haɗa ƙwayoyi masu girma kusan ɗaya.

Sai dai ƙwaya tsirara haskenta dishi-dishi ne, domin atam ɗin da ke fatarta suna kama ilektaron, ƙarfinsa ya salwance ya zama zafi. A 1996 Margaret Hines da Philippe Guyot-Sionnest na Jami'ar Chicago suka lulluɓe ƙwayar CdSe da ɓawon ZnS, ta riƙa mayar da kusan rabin hasken da ta sha.

To, wane kauri ya dace? A 1997 ayarin Bawendi ya auna. Hasken ya yi ta ƙaruwa har ɓawon ya ɗan haura shimfiɗa ɗaya ta atam, daga nan ya soma raguwa. Dalili shi ne tazarar atam a ZnS ta bambanta da ta CdSe da kusan kashi 12 cikin ɗari. Idan ɓawon ya yi kauri sai ya takura, aibu ya shiga jikinsa.

Wata matsalar ita ce ƙiftawa, wadda aka gano a 1996: ƙwaya ɗaya takan haska, ta ɗauke, ta sake haskawa. A 2008 ayarin Jennifer Hollingsworth a Los Alamos da na Benoît Dubertret a Paris suka koma ga ɓawon CdS, wanda bambancinsa kusan kashi 4 ne kawai. Wannan dacewar ta ba su damar jera shimfiɗa fiye da goma, ƙiftawar ta ragu ƙwarai, ko da yake launin ya ƙara karkata ga ja.

Ashe amfanin kauri ya rataya ga dacewar ɓawo da ƙwaya. Sony ya sa irin waɗannan ƙwayoyi a talabijin a 2013, kuma mai kallon allon QLED a Garwa ko Kano haskensu yake gani. A 2023 Ekimov da Brus da Bawendi suka karɓi kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai.